Lafiya Ba A Kemis Ake Sayo Ta Ba

Ya kai mai karatu, kafin in ce komai bari in ba ka labarin yayana, domin shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shi da kansa ya ba ni izini in faɗa, da sharaɗin kada in kama suna.

Yayan nan nawa ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa a Kantin Kwari. Lokacin da yake yaron shago, da ƙafa yake tafiya daga gidanmu na cikin birni har kasuwa, ya kuma dawo da ƙafa gab da magariba, ga ɗaukar dila a ka, ga hawa bene da sauka. A wancan zamani siriri ne kamar sillen kara, kuma ban taɓa jin ya ce kansa na ciwo ba. Da Allah Ya buɗa masa ya sami shagon kansa, sai ya sayi babur, daga baya ya sayi mota, ya ɗauki yara uku. Tun daga nan ƙafarsa ta huta. Daga ɗaki sai mota, daga mota sai kujerar shago, abinci a kawo masa har inda yake zaune, ya kora da lemo mai sanyi kwalba biyu. Cikin 'yan shekaru ya ajiye tumbi, wuya ya yi ninki, duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Kai Alhaji, ka murje! Lallai hutu ya karɓe ka." Mu ma 'yan gida murna muke yi, har Inna takan ce ai yanzu ne ya yi kama da magidanci.

Sai ciwon kai ya soma taɓa shi. Ya aiki yaro kemis a haɗo masa ƙwayoyi, ja da fari da ruwan ɗorawa a ƙulle a leda, ya watsa a baki. In gajiya ta yi yawa ya kira wani mai allura na unguwa ya ɗaura masa ruwa leda biyu, yana kwance yana amsa waya. Akwai ranar da ya raka abokinsa asibiti, wata ma'aikaciya ta gwada shi ta ce jininsa ya hau sosai, likita ya rubuta masa magani ya ce kullum zai riƙa sha. Ya sha na sati biyu, ya ji garau, ya cusa sauran a aljihun mota. Da na yi masa magana cewa ya yi, "Kai ɗan boko, rabu da ni. Ni da nake tashi da tuwo malmala uku, ina na ga ciwo?"

Wata asuba yana alwala sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tafi gaba ɗaya. Da aka ɗago shi baki ya karkace, magana ba ta fita. Shekararsa 52 a lokacin. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, kwana uku muka yi da shi a gida. Wannan ya ce iska ce ta buge shi, wancan ya ce jifa ne daga abokan kasuwa, aka yi ta hayaƙi da shafe-shafe. Ni da ake kira ɗan boko na kasa buɗe baki in ce a'a, saboda kunyar manya. Ran na huɗu da muka kai shi asibiti likita ya dube mu ya ce, "Ina kuka tsaya?" Ashe jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, sakamakon hawan jinin da aka bari shekara da shekaru ba kula. Yau shekara huɗu ke nan yana jan ƙafa da sanda, hannun dama a lanƙwashe, shago ya koma hannun yara, jari kuwa ya narke a neman magani.

To jama'a, ni dai na ce babu aljanin da ya kayar da yayana. Shi ya kayar da kansa, mu kuma muka taya shi da tafi. Kuma abin da ya kayar da shi yana nan a gidanka da gidana, wato wannan muguwar fahimta da muka yi wa lafiya, cewa haja ce da ake ajiyewa a kanta, in ka rasa ka zaro kuɗi ka sayo. Mun raina duk abin da yake kyauta. Tafiya da ƙafa, barci a kan lokaci, rage gishiri, shan ruwa zalla, zama da ɗan'uwa a yi hira, duk waɗannan a wurinmu maganar banza ce tunda ba a biya. Amma a ce ga allura ta dubu biyar, nan take za ka ga mutum ya kwance mazagi.

Bari mu fara da ƙarin ruwan nan da muka mayar abin alfahari. Mutum zai ce maka, "Ai jiya sai da aka ƙara mini leda uku," kamar wanda ya dawo daga aikin Hajji. Ka san abin da ke cikin ledar? Ruwa ne da gishiri, ko ruwa da sukari. Ledar ruwan gishiri ta rabin lita tana ɗauke da giram 4 da rabi na gishiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada baligi ya kai giram 5 a yini guda, wato kamar cikin ƙaramin cokalin shayi. Ka ga ke nan mai hawan jinin da aka ɗura wa leda biyu an zuba masa gishirin kusan kwana biyu kai tsaye a jijiya, kuma ya biya kuɗi ya yi godiya. Ƙarin ruwa yana ceton rai, babu musu, ga mai amai da gudawa wanda ba ya iya sha da baki, ko wanda ya zubar da jini. Amma ga ƙato mai iya ɗaga moɗa ya kai bakinsa, me ya hana shi sha?

Haka haɗe-haɗen ƙwayoyin nan na ciwon jiki. Da yawansu akwai dikulofenak ko ibufurofen a ciki, magunguna ne masu amfani in an sha su na 'yan kwanaki bisa ƙa'ida, amma wanda ya mayar da su goro, kullum sai ya sha kafin ya kwanta, to su ne ke ƙara hawan jini, su ƙwaƙule ciki har ya yi gyambo, su gajiyar da ƙoda. Su kuwa 'yan'uwana mata da ke neman ƙiba da "sha ka fashe", ku sani a cikin irin waɗannan ƙwayoyi akwai deksametason, wanda ke kumbura fuska, ya tara ruwa a jiki, ya tayar da ciwon suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Kumburi ne kuke saye da kuɗinku kuna kiransa ƙiba. Ban ma zo kan mai mota da lasifika a bakin tasha ba, wanda kwalbarsa guda ke maganin basir da shawara da sanyi da taifot da raunin mazakuta. Haba! In da gaske ne, me ya sa shi kansa yake yawo a rana yana tari?

Yanzu mu zo kan tumbi da ƙafa. A garin nan tafiya da ƙafa ta zama abin kunya. In aka ga mai rufin asiri yana takawa, sai a tsaya a ce, "Alhaji lafiya? Ina motar?" Washegari labari ya bazu cewa ya karye. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 muka koma Adaidaita Sahu, tafiyar da ba ta kai kiran sallah ba sai mun tsaya a titi minti goma muna jiran abin hawa. Masallacin da ke bayan layi ma wani da mota yake zuwa.

Ga wani abu da ya faru a Landan da ya kamata kowane direba da kowane mai zaman shago ya ji. A 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufurin birnin, mutum wajen dubu 31. Motocinsu na bas masu bene ne. Direba yana zaune kusan duk yini, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka, matakala ɗari-ɗari kullum, yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, hayaƙi ɗaya suke shaƙa. Amma sai aka tarar direbobi sun fi kwandastoci kamuwa da bugun zuciya, kuma in ya kama su ya fi saurin kashe su. Da na karanta wannan sai na tuna yayana. Lokacin da yake yaron shago shi ne kwandasta, da ya zama maigida sai ya koma kujerar direba, mu kuma muka ce ya ci gaba.

Abin da masana suka nema a wurinmu bai taka kara ya karya ba. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, an so baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Ka raba shi gida biyar, minti 30 ke nan a rana, tafiya mai ɗan sauri wadda za ta sa ka ji numfashinka ya ƙaru amma kana iya magana. Ba sai ka sayi takalmin 'yan ƙwallo ba, ba sai ka shiga gidan ɗaga ƙarfe ba. Ka sauka daga Adaidaita tun kafin ka isa, ka ƙarasa da ƙafa. Bayan sallar asuba ka zaga unguwa kafin rana ta yi zafi. Tafiya tana sassauta jijiyoyin jini, tana sa tsoka ta zuƙe sukarin da ke yawo a jiki, tana kawo barci mai nauyi da dare.

Kuma a nan ina da magana da magidanta. Kakanninmu mata suna daka, suna niƙa, suna jan guga, suna sussuka. Yau injin niƙa ya ɗauke wannan, famfo da mai ruwa sun ɗauke wancan, kuma madalla da sauƙi. Amma matar da ke yini a ɗaki biyu da tsakar gida kamar tafin hannu, ga haihuwa a jere, ga abinci mai maiƙo, ta ina jikinta zai motsa? Sai ta kai shekara arba'in gwiwa ta ƙi, suga ya shigo, a ce tsufa ne. Maigida, ba ka rage komai daga mutuncinka ba in ka ce wa iyalinka ta zaga tsakar gida sau talatin da safe, ko ku taka tare zuwa gidan Hajiya maimakon ka kira mai Adaidaita.

Sai tukunya. Miyar gidanmu ta yau gishiri ake zubawa, a bi da dunƙulen magi huɗu ko biyar, a ƙara farin magi, a jefa kanwa. Wanda bai sani ba ya sani, kusan rabin dunƙulen nan ko fiye gishiri ne, kanwa ma dangin gishiri ce a wajen abin da take yi wa jini. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwa ya ƙara yawan jinin da ke bin jijiya, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi kamar injin ban-ruwa da aka haɗa da siririn tiyo. Shekara goma, shekara ashirin, wata rana tiyo ya fashe. In ya fashe ko ya toshe a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In zuciyar ce ta gaji, ƙafa ta kumbura numfashi ya gagara. In ƙoda ce ta lalace, sai wankin ƙoda, wanda ko mai gidan bene sai ya sayar da fili.

Za a ce mini, "Malam, so kake mu ci lami?" A'a. Ina daddawa? Ina citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa da albasa? Da su iyayenmu suka yi miyar kuka da har gobe muke santinta. Harshe abin horo ne. In uwargida ta rage dunƙule ɗaya wannan makon, ta sake rage ɗaya bayan mako biyu, kafin wata biyu maigida da kansa zai ce miyar maƙwabta ta yi gishiri. Laifin ma ai namu ne maza, mu ne masu ture kwano mu ce ba ɗanɗano, har ta kai ana gori tsakanin kishiyoyi a kan wadda ta fi zuba magi.

Sukari kuwa sai dai a ce innalillahi. Je ka teburin mai shayi ka tsaya ka ƙirga: cokali huɗu, ga madarar gwangwani mai zaƙi, ga burodi. Da rana lemon kwalba, wanda yawancinsa ke da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100, wato kwalba guda ta kusa cokali tara. Da yamma zoɓo ko kunun aya da aka zuba wa sukari har cokali na iya tsayawa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin cokali 12 a yini ga baligi, in ma an tsaya a 6 ya fi. Mu kuwa kafin azahar mun wuce nan. In baƙo ya zo ka ba shi ruwan randa sai a ce ka yi rowa, dole sai ka aika an sayo masa ciwo a kwalba.

Kada wani ya ce ai abincin mutane ba ya canzuwa. A ƙasar Finlan akwai wani yanki da ake kira Kareliya ta Arewa, mutanensa manoma ne da masu saran itace, amma a wajajen 1970 mazansu suna cikin waɗanda bugun zuciya ya fi kashewa a duniya, tun suna da sauran ƙarfinsu. A 1972 aka fara wani shiri a ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Ba sabuwar allura suka kawo ba. Ƙauye-ƙauye suka bi, suka haɗa kai da ƙungiyoyin matan gida, aka rage man shanu da gishiri, aka ƙara ganye da 'ya'yan itace, aka yaƙi taba, aka riƙa auna jinin mutane. Cikin shekara kamar 40 mutuwar maza masu shekarun aiki ta hanyar ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Su da ƙanƙara ke rufe musu gona rabin shekara ke nan. Mu da zogale da rama da alayyafo da yakuwa ke fitowa a bayan ɗaki, mene ne uzurinmu? Mun bar gero da dawa da wake mun ce abincin ƙauye ne, mun rungumi farar shinkafa da taliyar leda.

Bari in taɓo dare. Baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Amma dubi yadda muke yi: majalisa har sha biyu, a shiga ɗaki a ɗauki waya, daga Facebook a faɗa TikTok, daga nan a leƙa WhatsApp a ga wa ya zagi wa, sai ƙarfe biyu. Asuba ta yi a tashi da jan ido. Da rana jiki ya mutu, sai a nemi abin da zai tayar da shi: goro, shayi mai kauri, gadagi, lemon ƙarin kuzari, daga nan wasu su zarce taramol. Dare ya sake yi barci ya ƙi zuwa, sai a nemi abin da zai kwantar. Haka da yawa daga yaranmu suka faɗa. Ba mu manta ba, sai da gidan BBC ya nuna fim a kan yadda matasa ke kwankwaɗar maganin tari mai kodin kafin gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Muna ta tsine wa yaran nan, amma a wurin wa suka koyi cewa kowace damuwa tana da ƙwayarta? A wurin uban da ba ya iya kwanciya sai ya watsa haɗin kemis.

Wannan ya kawo ni kan ciwon da ba ya jini, wato damuwa. Mun tashi an koya mana namiji ba ya kuka, mace ta gari ba ta faɗin sirrin ɗakinta, komai ya same ka ka haɗiye. Haƙuri abu ne mai kyau, amma haƙuri daban, ƙunshe wuta a zani daban. Bayan yayana ya faɗi ne muka gano ashe shekara biyu yana ɗauke da bashin da ya hana shi barci, bai gaya wa matarsa ba, bai gaya mini ba, ni da muka sha nono ɗaya. Kullum ka tambaye shi sai ya ce, "Lafiya lau, sai godiya." Mutumin da ya yi makonni ba ya jin daɗin komai, abinci ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa, yana ganin rayuwarsa ba ta da amfani, wannan ba ragwanci ne ke damunsa ba, kuma ba raunin imani ba ne. Ciwo ne da likitoci suka sani, yana da magani, ana warkewa. Ƙasar nan ma ta farka daga baya, don a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Saura mu a gidajenmu, da har yanzu in an ce wane ya ga likitan ƙwaƙwalwa sai a fasa ba shi aure.

Kafin a kai ga likita, akwai abin da kowa zai iya. Ka sami mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda in ya ce maka "yaya gida?" za ka iya gaya masa gaskiya. Ka taka ka je gidan 'yar'uwarka ka zauna a tabarma ku yi hira, ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga tafiya ga zumunci. Saƙon "barka da Juma'a" da ka tura wa mutum ɗari a waya bai kai zaman minti goma da mutum guda ba. In ka ga abokinka ya janye daga majalisa, ya daina dariya, kada ka ce girman kai ya soma, bi shi gida.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini. Na farko, "Malam, wannan maganar masu ƙoshi ce, talaka da bai ci ba ina ruwansa da rage sukari?" Gaskiya ne akwai yunwa, kuma ba zan ce wa ɗan dako ko mai turin kura ya ƙara tafiya ba, shi hutu da abinci yake bukata. Gaskiya ne kuma hukuma tana da nata alhakin, na asibitin da babu magani da titin da babu gefen masu ƙafa. Amma hawan jini bai san talaka ba, kuma talakan ne ya fi shan wuya in ya faɗi, don ba shi da filin sayarwa. Duk abin da na lissafa, wanne ne ke cin kuɗi? Rage magi ragin cefane ne. Barin lemo ajiya ce. Barci kyauta ne.

Na biyu, "Ai kowa da ranarsa, in kwana ya ƙare ko kana gudun fanfalaki sai ka tafi." Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma mai faɗin haka da kwaɗo uku yake rufe shagonsa, ya kuma ɗauki maigadi, bai taɓa cewa in rabon ɓarawo ne zai ɗauka ba. Me ya sa sai a kan jikinsa ne yake tuna ƙaddara? Sannan ba mutuwa kaɗai ake gudu ba. Yayana bai mutu ba. Yana nan, sai an ɗaura masa wando.

Na uku, "Kakana ya shekara casa'in bai taɓa zuwa asibiti ba." To, kakanka da ƙafa yake zuwa gona, da fartanya yake yini, tuwon dawa da miyar kuka yake ci, bayan isha'i ya kwanta, sukari sai da sallah. Ka ɗauki rayuwarsa tukuna, sannan ka zo mu yi maganar shekarunsa. Kuma ka tambayi tsofaffi sa'o'insa nawa ne suka faɗi a gona aka ce iska ce.

Abu guda ne a cikin maganata yake bukatar ka fita ka nema, shi ne awon jini. Hawan jini yawanci ba ya ciwo, ba ya jiri, ba ya sallama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna masu shi sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Awon ba ya cin minti biyar. In an auna ka a ranaku biyu daban-daban aka ga 140 bisa 90 ko sama, to ka ga likita. In ya ɗora ka a kan magani, ka sani ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Jin sauƙin da ka yi aikin maganin ne, ranar da ka daina jinin zai koma inda yake. Nan ne kaɗai kemis ke da gurbi a wannan magana, da takardar likita a hannunka. Kuma don Allah, in ka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shawara, a nufi asibiti a wannan sa'ar. Addu'a ana yin ta a cikin mota.

Ni kaina ban tsira ba. Sati biyu bayan faɗuwar yayana na je aka auna ni, aka ga 150 bisa 95, ni da nake ganin lafiyata ƙalau. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Yanzu ina shan ƙwayata guda kowace safiya, ina zuwa wurin aiki da ƙafa, shayina cokali ɗaya, ƙarfe goma waya tana kan tebur a falo ni ina ɗaki. Mai ɗakina ta yi mita wata guda a kan maganar magi, yanzu ita ke yi wa ƙannenta faɗa. Har yau akwai masu tsayawa da mota su ce, "Malam, shigo mana in rage maka hanya," in ce na gode, su tafi suna kallona ta madubi da tausayi.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe da Yaya, na same shi a zaure yana koyon ɗaga kofi da hannun hagu. Na gaya masa zan rubuta wannan. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, don har yanzu harshen bai saki sosai ba, sannan ya ce, "Ka gaya musu su je a auna su." To, na gaya muku. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya ba mu ikon kula da abin da Ya ba mu amana.